Gwanaye Uku da Makaɗi Ɗaya

A ƙauyenmu na bakin Komadugu, kusa da Geskeru, ba a hura wuta don tatsuniya. Wutar da muke zagayewa ta bandar kifi ce, ta kakarmu Ya Kellu, wadda kowa a gidan yake kira Kaka. Idan ruwa ya fara ja baya, masunta suka shiga kawo kifi, sai ta saya ta gyara, ta jera a kan ragar ƙarfe bisa wani dogon murhun laka a bayan ɗakinta. Banda hayaƙi take so, ba harshen wuta ba, don haka dole wani ya zauna ya tsare ta. Kaka kuwa ba ta son zama ita kaɗai. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai mu ja tabarmi mu je mu same ta, idanu na ruwa saboda hayaƙi, kowa yana fatan wani kifin ya fashe a juyawa, domin wanda ya fashe namu ne.

Barbarci ne harshenta. Amma shekarun da ta yi tana kai banda kasuwanni sun ba ta Hausa, kuma idan 'ya'yan maƙwabta suka zo, na Fulani da na Hausawa, da Hausa take ba da labari don kowa ya ji. Har ta rasu ba ta iya cewa ƙafa ba, sai kafa. Idan za ta fara takan ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma."

Shekarar da nake son in ba da labarinta ina da shekara tara. Yayyena maza biyu ne. Yaya Modu, babba, yana da goma sha shida, ya bar lakwal, wato makarantar boko, yana aikin gonar tattasai tare da Baba, kuma ya fara suna a kokowa cikin samarin ƙauyukan da ke kewaye da mu. Yaya Bukar yana da goma sha huɗu, siriri ne, yana ajin ƙarshe a lakwal, kuma idan ƙwallo na ƙafarsa ba mai karɓe ta. Mushe, malaminsu, ya riga ya sa sunansa cikin yaran da za a kai Difa su buga wasa da wasu makarantu. Bukar bai taɓa zuwa Difa ba. Kullum sai ya wanke rigar da zai tafi da ita, ko ba ta yi datti ba.

A makonnin nan ne aka yi gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, gari duka ya tare a gaban radiyo. Daga nan gardama ta tashi, kuma ba a gidanmu kaɗai ba: wane ne gwanin gwanaye a duk wasanni? Modu ya ce ɗan kokowa ne, domin shi kaɗai yake shiga fili, ba shi da mutum goma da zai ɓuya a bayansu, idan ya faɗi kowa ya ga wanda ya faɗi. Bukar ya ce ɗan ƙwallo yana gudu awa ɗaya da rabi, ɗan kokowa kuwa wani lokacin kafin ka haɗiye yawu an gama. Ya ƙara da cewa 'yan ƙwallo duniya duka ta san su, 'yan kokowa kuwa da ka yi nisa kaɗan ba mai sanin sunansu. Wani Bafillace maƙwabcinmu ya ce duk wasan yara ne, a ba su raƙumi mai gudu su zauna a kansa a gani. Masunta suka ce wanda bai taɓa haye kogin nan da iyo ba ranar da ya cika ya batse, kada ya sa baki.

Irin wannan gardama ba ta kashe kowa. Ana yinta a gona, a ci gaba da ita a bakin kwanon tuwo, a yi dariya a watse. Da haka za ta ƙare in ba don ni ba.

A gidan mutum goma sha biyar ba mai tambayar yarinya 'yar shekara tara ra'ayinta. Amma na gano cewa idan na ce wa Modu, "Ka ji abin da Yaya Bukar ya ce?" sai ya aje fartanya ya juyo gaba ɗaya yana saurarena. Haka shi ma Bukar. Da farko abin da na ji nake kaiwa. Daga baya na ga maganar ba ta da gishiri, na fara ƙarawa. Na ce wa Modu wai Bukar ya ce kokowa aikin shanu ne, ba ta buƙatar kai. Na ce wa Bukar wai Modu ya ce da hannu ɗaya zai kada shi, ɗayan hannun yana cin gyaɗa. Ba wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ban tsani kowa a cikinsu ba. Daɗin juyowar nan kawai nake ji.

Wata ranar Laraba da la'asar, saura kwana tara tafiyar Difa, samari suka taru a kan yashin bakin kogi, aka ce a raba gardama: su yi tsere, sannan su yi kokowa. A tseren Bukar ya bar Modu baya da nisa, har ya juyo yana gudu da baya yana ɗaga masa hannu. Yara suka yi ta ihu. Na ga wuyan Modu ya kumbura. Da aka zo kokowa bai tsaya wasa ba, ya sunkuya ya ɗauki ƙaninsa cak, ya juya da shi ya maka. Ƙafar Bukar ta dama ta shige wani ramin da masunta suka kafa turke suka cire. Ƙarar da muka ji kamar an karya busasshen kara. Ihun ya tsaya. Modu ne ya goya shi har gida.

Mai ɗori ya zo ya ce karaya ce a saman idon sawu. Baba bai daki Modu ba, amma ya daina yi masa magana, ya kuma bar masa ban ruwan gona shi kaɗai, daga asuba har faɗuwar rana. Ba wanda ya tambaye ni kome. Ni ma ban ce kome ba.

A rana ta uku da yamma Kaka ta ce a fito mata da Bukar kusa da murhu, ɗaki ya ishe shi. Aka shimfiɗa masa tabarma, ƙafar na ɗaure da karare. Modu ya dawo daga gona, laka har gwiwa, ya zauna nesa da mu a kan turmi. Kaka ta juya kifi layi ɗaya, ta goge hannu a zane, ta ce ga baƙuwa a bakin ƙofa. Amsar da muka bayar ranar ba ta da ƙarfi.

Ta ce a wani gari na bakin ruwa an yi gwanaye uku. Akwai Kututture, ɗan kokowa, wanda bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba. Akwai Barewa, wanda idan aka aike shi wani gari da safe, yakan dawo da amsa kunu bai huce ba. Akwai Tarwaɗa, wanda yake nutsewa a wannan gaɓa ya ɓullo a waccan. Kowannensu da lokacinsa: Kututture bayan girbi, Tarwaɗa idan kogi ya cika, Barewa duk ranar da aka yi saƙon gaggawa. Kwano ɗaya suke ci, kuma bai taɓa zuwa wa kowa a rai ya auna su da juna ba.

A garin akwai makaɗi ɗaya, sunansa Zaƙin-Baki, shi yake yi wa dukansu kiɗa. Amma tsakanin girbi da cikar kogi akwai watanni da ba mai neman ganga, kuma a watannin nan ba mai ko gaishe shi. Sai wata rana ya rataya gangarsa ya je ƙofar Kututture, ya kaɗa masa takensa, ya gama, ya rage murya. A nan Kaka ta rage tata muryar, ta lanƙwasa wuya. "Ni dai na san babu kamarka. Amma can bakin ruwa wata magana nake ji, ba zan iya maimaita ta ba." Kututture ya ce sai ya maimaita. Daga nan ya wuce gidan Barewa, daga can ya gangara wurin Tarwaɗa. Kafin sati ya zagayo, gari ya rabu uku. Matar da ke bayan Kututture ba ta ara wa ta bayan Barewa ko ludayi. Ganga kuwa ba ta ƙara kwana a rataye ba.

Bulama, mai garin, ya gaji da shari'ar faɗa. Ya tara jama'a ya ce tunda an matsa sai an san wanda ya fi, kowane ɗaya ya yi wasan ɗan'uwansa a gani. Aka tura Kututture cikin kogi, ya tafi ƙasa kamar dutsen niƙa, sai da Tarwaɗa ya jawo shi da bante a gaban matan da ke wanki. Aka sa Barewa a filin kokowa, wani yaro mai kiwon awaki ya zaunar da shi. Aka ce Tarwaɗa ya yi gudu, shi da tafin ƙafarsa ke da faɗi kamar faifai, tsohuwar akuya mai ɗingishi ta wuce shi. Gari ya yi dariya har hawaye. Zaƙin-Baki ya yi wa kowace kunya take, yara suka ɗauka suna rerawa a bayan mutanen nan duk inda suka bi.

"Da gari ya waye," in ji Kaka, "Kututture ya bi yamma, Barewa ya bi arewa, Tarwaɗa ya bi ruwa. Ba wanda ya yi wa wani sallama." Girbi ya zo, fili ba kowa. Wata mata ta yi naƙuda mai wuya, ba mai gudu ya kira ungozoma daga ƙetare. Kogi ya cika, kwalekwale ya kife da buhunan gero, mutane suka tsaya a gaɓa suna kallo.

Kaka ta tura wani ice cikin murhu. Wata 'yar maƙwabta ta ce, "To Kaka, a cikinsu wa ya fi?"

"Abin da Bulama ya tambaya ke nan," in ji ta. "Ke kin ji an ba shi amsa?"

"Zaƙin-Baki fa?" in ji wani.

"Yana nan. Shi ai bai nutse ba, ba a kada shi ba, akuya ba ta wuce shi ba. Lafiyarsa ƙalau. Sai dai ga ganga, babu wanda za a kaɗa wa." Ta kakkaɓe zanenta. "Baƙuwa ta tashi, a naɗe tabarma. Bintu, miƙo mini wancan tiren."

Na miƙa mata. Ba ta dube ni ba. Abin da na fahimta ranar shi ne labarin da Modu yake, da shi da Bukar, waɗanda suka yarda suka yi wasan juna. Na ji sanyi a raina. Makaɗin bai tsaya mini a rai ba ko kaɗan, domin ni ba ni da ganga.

Yaran Mushe suka tafi Difa ba da Bukar ba. Ƙafar ta warke, amma ta ɗan karkace. Ya koma ƙwallo, sai dai gudun nan na da bai dawo ba, daga baya ya bari. Modu ya yi kokowa kaka biyu ya daina, bai gaya wa kowa dalili ba. Baba ya koma yi masa magana bayan an tsinke tattasai. Shekaru suka wuce. Da zaman bakin kogi ya gagara saboda rashin tsaro, muka kwashe muka dawo Difa kamar sauran mutane, kuma a nan Kaka ta rasu, nesa da murhunta. Ni na yi karatu na zama malamar lakwal. Modu yana sayar da busasshen tattasai a kasuwa, Bukar kuma tela ne.

Duk tsawon wannan lokaci ina riƙe da labarin gwanaye uku a matsayin darasi mai sauƙi: abin da ba iri ɗaya ba, ba a auna shi da mudu ɗaya. Na sha ba wa ɗalibaina shi idan suka kaure da musu a kan 'yan wasa. Abin da na yi ina yarinya kuwa ban manta ba, amma na aje shi can gefe, ina ganin ba wanda ya sani, kuma ban taɓa haɗa shi da tatsuniyar ba.

Bara da ƙaramar salla yayyena suka zo gidana da iyalansu. Bayan an ci abinci, samarin gidan, nawa da nasu, suka haɗa kai a kan waya ɗaya, gardama ta tashi. Wannan ya ce wani ɗan ƙwallon Turai, wancan ya ce ɗan kokowar da ya ɗauki takobi sau da yawa, wani ya kawo ɗan dambe, wata 'yar Bukar ta ce duk ba su kai wata mai gudun dogon zango da ta gani a telebijin ba. Da murya ta fara tashi sai na ce su zauna in ba su labarin Kaka. Na ba su shi yadda na ji shi, har da lanƙwasa wuyan. Suka yi dariya, suka fice waje suka ci gaba da musunsu.

Muka rage mu uku a tsakar gida. Bukar yana juya kofin shayi a hannu, ya ce, "Ashe ke da makaɗi kike ba da shi."

Na ce, "Ai haka yake, Yaya."

"A'a. Mu mun ji shi wajen Kaka ya fi sau uku tun kina goye. Babu makaɗi a ciki. Su ukun ne suka yi musu da kansu." Ya dubi Modu. "Ko ba haka ba?"

Modu ya ce, "A ranar nan ce Kaka ta sa shi a ciki."

Na aje butar shayi. Na ce, "Kun sani ke nan."

"Tun a hanya," in ji Bukar. "Yana goye da ni ina kuka, na ce masa, to ga shi ka yi da hannu biyu, kai da ka ce ɗaya ya isa. Ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba. Ya ce ni ne dai na ce kokowa aikin shanu ne. Na ce yaushe? Kafin mu kai ƙofar gida mun gane."

"Me ya sa ba ku gaya wa Baba ba?"

Modu ya ɗaga kafaɗa. "Kin san hannun Baba. Kuma ƙafar ni na karya ta, ba ke ba. Kaka kawai muka gaya wa. Ta ce mu bar mata."

Na ce su yafe mini. Maganar ta fito a bushe, kamar ina karanta ta a allo. Bukar ya ce, "Haba Bintu, shekararki tara fa." Ya miƙo kofi a ƙara masa shayi, Modu ya shiga ba da labarin yadda tattasai ya yi tsada bana, zancen ya wuce.

Tun daga ranar nake juya abin. Kaka tana iya kirana ɗaki ta ja mini kunne, in yi kuka in manta. Tana iya faɗa a gaban kowa, in zama yarinyar da ta karya ƙafar yayanta har in tsufa. Sai ta ɗauki abin da na yi ta ba wani mutum mai ganga, ta aje shi a gabana, ta bar ni in gane shi ranar da zan iya. Ba ta yi zaton zan ɗauki shekara ashirin da biyar ba, ko kuwa ta yi zaton, ban sani ba. Abin da na sani shi ne na yi ta koya wa 'ya'yan mutane rabin labarin, rabin da bai shafe ni ba. Gardamar wa ya fi ba ta da laifi, har yau ina jin daɗin sauraronta, kuma ba na tsammanin za a taɓa gama ta. Sai dai yanzu idan ta yi zafi a ajina, ba masu ihun nake kallo ba. Ina neman wanda ke zaune a tsakiya, shiru, idonsa na ƙyalli, yana jiran a juyo gare shi. Nakan kira shi in tambaye shi nasa ra'ayin, in saurare shi har ya gama.

Da la'asar ɗin nan na raka yayyena bakin titi. Modu dogo ne, takunsa ɗaya biyun na kowa, a kasuwa ba mai iya jerawa da shi. Na tsaya ina kallonsu suna tafiya wajen masallaci, Bukar yana ɗan jan ƙafar dama, Modu a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, yana taku gajere-gajere kamar mai tsoron taka ƙaya. Haka suke tafiya tun ina yarinya. Ranar na fara gani.